Wa ke da ikon tsara fasalin gida a rukunin gidajen Legas?

Wani ɗan kasuwa da ke zaune a Agege ya aiko da tambaya a kan fulotin da ya saya a wani rukunin gidaje da ke wajajen Ibeju-Lekki. Burinsa ya yi gini irin wanda ya saba da shi a gida: doguwar katanga, zaure a bakin ƙofa, da ɗan masallaci a kusurwar gaba. Kamfanin da ya sayar masa da filin ya ba shi kundin ƙa'idojin da suka hana duk waɗannan, har an ƙayyade launin kwanon rufi da tsayin katangar gaba. Shi kuma ya je sakatariyar ƙaramar hukuma ya biya kuɗi, aka ba shi rasit mai hatimi, aka ce masa ya je ya fara aiki. Yana son ya san ko takardar ƙaramar hukuma ta fi ƙarfin ƙa'idar kamfani, da kuma maganar wa za a bi idan suka saɓa.

Alhaji, kada ka sauke ko da bulo ɗaya a filin nan bisa dogaro da wannan rasit. A Jihar Legas ƙaramar hukuma ba ta ba da izinin gini, ba ta kuma da hurumin faɗin tsayin da gida zai kai, ko tazarar da za a bari tsakaninsa da titi, ko abin da za a yi amfani da shi a kai. Wannan iko yana hannun gwamnatin jiha. Ƙa'idojin kamfanin kuwa ba doka ba ce da majalisa ta yi, yarjejeniya ce tsakaninka da wanda ya sayar maka, sai dai yarjejeniyar da ka sa wa hannu tana ɗaure ka a gaban kotu. Saboda haka ɓangarori biyu ne za ka gamsar kafin ka haƙa tushe, wato jiha da kamfani, kuma takardar da ke hannunka ba ta fito daga ko ɗaya daga cikinsu ba.

Asalin maganar yana cikin Kundin Tsarin Mulki na 1999. Sashe na 7 ya tabbatar da ƙananan hukumomi, Jadawali na Huɗu kuma ya jera ayyukansu: kasuwanni, tashoshin mota, mayanka, maƙabartu, kwashe shara, gina ƙananan tituna da magudanan ruwa da fitilun kan hanya, raɗa wa tituna suna da sa wa gidaje lamba, rajistar haihuwa da aure da mutuwa, kula da shaguna da allunan talla, da ƙiyasta gidaje domin karɓar haraji. Duk wanda ya bi jerin nan daga farko har ƙarshe ba zai ga amincewa da zanen gini a ciki ba, ba zai kuma ga tsara unguwa ba. An taɓa yunƙurin ba su wannan aiki. Dokar soja mai lamba 88 ta 1992, wadda aka yi a zamanin Janar Ibrahim Babangida, ta kasa aikin tsara birane hawa uku, ta tanadi hukuma a matakin tarayya, wata a jiha, wata kuma a ƙaramar hukuma. Da wannan tsari ne yake aiki a Legas, da amsar tambayarka ta sha bamban. Amma gwamnatin jihar, lokacin Bola Tinubu yana gwamna, Yemi Osinbajo kuma yana kwamishinan shari'a, ta kai gwamnatin tarayya ƙara, kuma a 2003 Kotun Ƙoli ta yanke cewa tsara birane ba ya cikin abubuwan da tsarin mulki ya keɓe wa tarayya, ba ya kuma cikin waɗanda take tarayya da jihohi a kansu, don haka na majalisun jihohi ne, in ban da Abuja. Hukuncin ya kai ga cewa ko filin gwamnatin tarayya ne, muddin yana cikin Legas, ginin da za a yi a kansa sai ya bi dokar tsara gari ta jihar.

Da ikon ya dawo hannun majalisar jiha, ita ke da zaɓin ta raba shi da ƙananan hukumomi ko ta riƙe, sai ta riƙe. Dokar tsara birane da raya su ta 2010, wadda Gwamna Babatunde Fashola ya sa wa hannu, aka kuma yi mata gyara a 2019, ta kafa hukumomi uku a ƙarƙashin ma'aikatar tsara gari da ke Alausa a Ikeja. LASPPPA ce ke duba zane ta ba da izinin gini. LASBCA ce ke bin aikin a fili tun daga tushe har rufi, ita ce kuma mai jan fentin da kake gani a jikin gine-gine. LASURA tana kula da sabunta tsofaffin unguwanni. Wannan hali na riƙe tsarin gari daga sama tsoho ne a Legas, domin tun 1928, bayan annobar da ta ɓarke a tsibirin Legas, Turawan mulkin mallaka suka kafa hukuma ta musamman domin rushe unguwanni da sake tsara su, ba su bar wa majalisar gari aikin ba. Ko a Arewa ma abin bai yi nisa da haka ba: wanda ya yi gini a cikin birnin Kano ya san KNUPDA ake nema, na Kaduna kuma KASUPDA, dukansu hukumomin jiha ne.

Akwai abin da ke rikita mutane a nan, kuma ina ganinsa sau da yawa wajen 'yan uwanmu. Hukumomin jihar suna da ofisoshin gunduma a sassan Legas, ana kiran kowane da sunan yankin da yake, sai mutum ya fito daga can ya ce ya je ƙaramar hukuma, alhali ma'aikatan jiha ya gani. Wani kuma sakatariyar ya je da gaske, ya biya wani haraji da ba shi da alaƙa da izinin gini. Ka ɗauko rasit ɗinka ka karanta sunan hukumar da ke samansa da abin da aka ce an biya kuɗin dominsa. Izinin gini na gaskiya ba rasit ba ne shi kaɗai: takarda ce mai lamba, tare da zanen gidanka da aka buga wa hatimin amincewa shafi bayan shafi. Ko ɗaya daga cikin ƙananan hukumomi 20 na jihar ce ta ba ka takardar, ko ɗaya daga cikin yankunan raya ƙasa 37 da aka ƙirƙira daga baya, hukuncin ɗaya ne. Wasu kan kawo hukuncin da Kotun Ƙoli ta yanke ranar 11 ga Yuli, 2024 a kan 'yancin ƙananan hukumomi, su ce ai yanzu ciyaman ya samu iko. Wancan hukunci a kan kuɗin da ke fitowa daga asusun tarayya ne da haramcin naɗa shugabannin riƙo, bai ƙara wa Jadawali na Huɗu ko layi ɗaya ba.

Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ma ba ta taimaki hujjar ba. Gaskiya ne ta ba ƙaramar hukuma damar ba da haƙƙin zama na gargajiya a filayen da ba na birni ba, amma gwamna ne ke ayyana inda birni ya tsaya, kuma a aikace takardun filin Legas duk ta ofishin filaye na Alausa suke bi. Ban da haka, mallakar fili daban, izinin gini a kansa daban. Mai riƙe da takardar shaidar mallaka ta shekara 99 da sa hannun gwamna a kai, shi ma sai ya nemi izini kafin ya yi gini.

Ikon jihar a kan rukunin gidaje hawa biyu ne, kuma hawa na farko ya fi muhimmanci duk da cewa masu saye ba su cika tambaya a kansa ba. Kafin kamfani ya yanka fili ya sayar, doka ta ce ya kai taswirar rukunin gaba ɗaya a amince da ita. A wannan taswira ake tsayar da faɗin tituna, hanyar da ruwa zai bi ya fita, filin da za a bari a buɗe, wurin makaranta da shaguna da wurin ibada, da yawan gidajen da za a yarda a ɗora a kan kowane fuloti, kuma dole ta dace da babban tsarin yankin, kamar wanda aka yi wa Lekki ko Alimosho ko Ikorodu. Bambancin da muka sani a Kano tsakanin awon gwamnati da awon igiya yana nan a Legas, sai dai awon igiyar nan yana zuwa da katafariyar ƙofa da allon talla da ofis mai sanyi. A watan Agustan 2025 gwamnatin jihar ta fitar da sunayen rukunin gidaje 176 da ta ce ba su da amincewar taswira, yawancinsu a Eti-Osa da Ajah da Ibeju-Lekki da Epe, ta ba su kwana 21 su kawo takardunsu. Yankin da filinka yake yana cikin waɗannan. Don haka kafin gardamar launin kwano, ka nemi kamfanin ya nuna maka taswirar da jiha ta amince da ita, ka nemo lambar fulotinka a ciki, sa'an nan ka sa safiyo mai rajista ya kai ma'aunin filin ofishin babban safiyon jiha a tabbatar bai faɗa cikin filin da gwamnati ta keɓe wa wani aiki ba. Idan taswirar rukunin ba ta da amincewa, izinin gidanka zai yi wuyar fita komai kyan zanensa, kuma fulotin da aka yanka a kan hanyar da gwamnati ta tsara yi nan gaba rusau ne ƙarshensa.

Hawa na biyu shi ne izinin gidanka kai kaɗai, kuma a nan ne zaurenka zai fara gamuwa da cikas, ba a wajen kamfani ba. A yawancin unguwannin zama, ƙa'idar jiha ita ce a bar mita 6 tsakanin iyakar gaba da jikin gini, a bar mita 3 a baya, da mita 3 a kowane gefe. A wurare irin su Ikoyi da Victoria Island tazarar gaba ta fi haka, a tsofaffin unguwanni masu cunkoso kuma an sassauta. Mu yi lissafi da cikakken fulotin Legas, ƙafa 60 da 120, wato kusan mita 18 da 36, murabba'in mita 648. Idan aka cire mita 3 a dama da hagu, faɗin ya koma 12. Idan aka cire 6 a gaba da 3 a baya, tsawon ya koma 27. Abin da ya rage na gini murabba'in mita 324 ne, rabin filin daidai. Wanda ya sayi rabin fuloti mai mita 18 da 18 kuwa, mita 12 da 9 ke rage masa, sulusin abin da ya biya kuɗinsa. Ginin gargajiyarmu yana jingina ɗakuna a jikin katanga ya bar tsakiya a buɗe, ƙa'idar Legas kuwa tana tura ginin tsakiya ta bar gefe a buɗe. Zauren da ka ke so a bakin ƙofa da masallacin kusurwa, dukansu a cikin mita 6 ɗin gaba suke. Akan yarda da ƙaramin ɗakin maigadi idan an nuna shi a zane, amma zauren da zai ɗauki baƙi da tabarmi ya wuce wannan. Ko kamfanin ya ce ya yafe maka, ba shi da ikon yafe abin da ba nasa ba.

Ban ɗauki wannan tazara a matsayin fitina ba, ko da yake na san yadda take cin fili. A ƙasar Lekki, inda ruwa ke kusa da saman ƙasa, filin da aka bari a gefe shi ne wurin sokawe da tankin ruwa da hanyar da ruwan sama zai bi, shi ne kuma ke hana gobarar maƙwabci tsallakowa, na gaba kuma wurin ajiye mota ne domin kada titi ya cushe. Waɗanda suka raina maganar ruwa sun ga sakamakonta a watan Oktoban 2023, lokacin da ma'aikatar muhalli ta rushe gidaje masu tsada a yankin Ikota saboda sun shiga hanyar babban magudanin ruwa. Cikin rukunin gidaje masu ƙofa da masu gadi waɗannan gidaje suke, kuma zamansu a ciki bai kare su ba.

Yanzu sai kundin kamfanin. Ƙarfinsa yana fitowa ne daga takardar cinikin da ka sa wa hannu, musamman idan an rubuta sharuɗɗan a cikin takardar miƙa mallaka ko an ambaci kundin a cikinta a matsayin wani ɓangare na yarjejeniyar. Ƙa'idar da za ka riƙe ita ce kamfani yana iya ƙarawa a kan abin da jiha ta gindaya, amma ba ya iya ragewa. Idan jiha ta yarda da hawa uku a yankin, kamfani na iya cewa a rukuninsa hawa ɗaya kawai za a yi, kuma wanda ya sa hannu ya ɗaure kansa. Idan jiha ta ce mita 3, kamfani ba ya iya cewa mita ɗaya ta isa. Haka kuma izinin jiha ba ya goge yarjejeniya: LASPPPA ba ruwanta da launin kwanonka, za ta amince da zanenka ko ja ne ko kore, amma wannan amincewa ba za ta hana kamfanin kai ka kotu ba idan ka saɓa abin da ka yi alkawari. Kamfanin ba shi da ikon kawo katafila ya rushe maka gini da kansa, domin kotunan ƙasar nan ba sa yarda mutum ya ɗauki doka a hannunsa. Sai dai a zahiri makaminsa ƙofa ce. Ranar da masu gadi suka hana motar yashi da ta rodi shiga, aikinka ya tsaya, lebura suna jiran kuɗin yini, siminti yana shan raɓa, shari'a kuma ba ta ƙarewa a wata guda.

A ganina ƙa'idojin irin waɗannan kamfanoni ba darajarsu ɗaya ba. Waɗanda suka shafi tsayin daɓen ƙasa, haɗa lambatun gida da na titi, inda za a haƙa rijiyar burtsatse da sokawe, da inda za a ajiye janareta, suna kare kowa, kuma mai hankali zai so a tsananta su a kan maƙwabcinsa. Idan mutum ɗaya ya cike filinsa ya ɗaga shi sama da na kowa, ruwan damina gidan na kusa da shi zai koma. Waɗanda suka shafi fenti iri ɗaya da kwano iri ɗaya da gajeruwar katanga kuwa, galibi don rukunin ya yi kyau a hoto a ci gaba da sayar da fuloti ne. Irin waɗannan ana iya tattaunawa a kansu, kuma kamfanin da bai gama sayar da filayensa ba ya fi saurin sassautawa. Tun ran gini ran zane: da ka zo kafin sa hannu, da na ce a rubuta sassaucin a cikin takardar cinikin kanta. Yanzu da aka riga aka sa, abin da ya rage shi ne neman yafiya a rubuce.

Ka kuma bambanta sharaɗin da ke cikin takardar ciniki da dokar da ƙungiyar mazauna ta zauna ta yi daga baya. Sashe na 40 na tsarin mulki ya ba kowa 'yancin shiga ƙungiya, kuma a 2020 Babbar Kotun Tarayya da ke Legas, a wata shari'a da ta taso daga Gbagada, ta ce ba a tilasta wa mutum zama ɗan ƙungiyar mazauna don kawai yana zaune a unguwar. Amma wanda ya yi alkawari a takardar saye cewa zai bi ƙa'idojin rukunin kuma zai biya kuɗin hidima, matsayinsa daban ne, domin da yardarsa ya shiga. Lauya ne zai karanta takardarka ya faɗa maka a wane ɓangare kake. A rukunan da gwamnati ta yanka da kanta, irin su Magodo da Omole da kashin farko na Lekki, hukumar raya sababbin garuruwa ta jiha, NTDA, tana da nata sharuɗɗan, kamar yadda Hukumar Gidaje ta Tarayya take da nata a Festac, amma ko a can ma mai gini yana buƙatar izinin jiha.

Maganar masallaci tana buƙatar a yi ta a fili. Ɗakin salla a cikin gida, na iyali da baƙi, ɗaki ne kamar kowane, ba mai hana ka. Masallacin da ƙofarsa ke kallon titi, jama'a na shigowa, da lasifika a sama, a idon doka ya zama wurin taruwar jama'a a kan filin da aka ware wa zama, kuma wannan canjin amfani ne da ke buƙatar izini na daban, da maganar wurin ajiye motoci da hanyar fita idan wani abu ya faru. Hukumar kare muhalli ta jihar, LASEPA, ta sha rufe coci-coci da masallatai saboda ƙarar lasifika a unguwannin zama. Hanyar da ta fi ɗorewa ita ce ka duba taswirar rukunin ka ga ko an ware fulotin ibada, ku haɗu da sauran Musulmin da suka sayi fili a wurin, waɗanda da wuya a rasa 'yan uwa Yarabawa a cikinsu, ku nemi wurin da sunan jama'a. Masallacin da aka gina a kan filin da aka ware masa yana da takardar da za ta tsaya masa, na kusurwar gida kuwa ƙorafin maƙwabci ɗaya ya isa a shafa masa jan fenti.

Sutura da kunyar da ka ke nema da doguwar katanga da zaure ba su gagara a cikin mita 12 da 27, idan mai zanen ya fahimci abin da ake so. Zauren yana iya komawa jikin ginin ya zama falon baƙi mai ƙofarsa ta waje da banɗakinsa, ba tare da mai shiga ya hangi cikin gida ba, a yi ɗan lungu mai lanƙwasa tsakaninsa da ɓangaren iyali kamar yadda shigifa take yi. Ginin yana iya zagaye ƙaramar tsakar gida ta ɓangarori uku, tagogin ɗakunan mata su kalli ciki, na waje kuma a ɗaga su sama da tsayin mutum. Hanyar da ke gefen gida tana iya zama mashigar mata zuwa baya. A gaba, idan katanga gajera ce, shingen shuke-shuke masu duhu a bayanta yana tare ido, kuma ban cika ganin kundin da ya hana shuka ba. Katangar gefe da ta baya, inda iyali ke zama, kamfanoni ba su cika tsananta tsayinsu kamar na gaba ba. Ka lura dai ita kanta katangar tana cikin abubuwan da jiha ke ba da izini a kansu. Ka zaunar da mai zanen ka bayyana masa yadda gidanka ke rayuwa, wa ke shiga ina, ina ake girkin taro, ina za a ɗaure ragon Layya, domin mai zanen da ya saba da gidajen Lekki ba zai kawo waɗannan a ransa ba sai an faɗa masa.

Takardun da za a nema a wajen neman izini sun haɗa da shaidar mallakar fili, taswirar safiyo, zanen gini daga mai zanen da ke da rajistar ARCON (hukumar rajistar masu zanen gini), zanen ƙarfe da lissafinsa daga injiniya mai rajistar COREN (hukumar kula da aikin injiniyoyi), gwajin ƙasa inda ake buƙatarsa, da shaidar biyan haraji. A ƙasa mai yashi da taɓo irin ta Ibeju-Lekki, gwajin ƙasa amfanin kanka ne ko ba a tambaye ka ba, domin shi ke nuna irin tushen da zai ɗauki gidan. Bayan izini ya fito, ana sanar da LASBCA kafin a fara, su zo su duba a kowane mataki, a gwada kankare da rodi, a ƙarshe su ba da shaidar kammalawa da cancantar zama. Sun ƙara tsananta bin wannan tun bayan da bene mai hawa 21 ya rufta a titin Gerrard da ke Ikoyi ranar 1 ga Nuwamba, 2021, mutum fiye da 40 suka rasu. A 2024 an buɗe ƙofar afuwa ga masu gine-ginen da ba su da izini su je su daidaita takardunsu ba tare da tara ba, aka yi ta ƙara wa'adin har ƙarshen shekarar, amma afuwar tara ce kawai, ba ta halatta ginin da ke kan magudanin ruwa ko ƙarƙashin babbar wayar lantarki ba. Wanda aka hana izini yana ganin an zalunce shi, dokar ta tanadi kwamitin ɗaukaka ƙara, bayansa kuma akwai kotu.

Wannan duka ba ya nufin ƙaramar hukuma ba ta da abin yi da kai. Ita ce za ta amince da sunan titinku ta ba gidanka lamba, a wajenta ƙungiyoyin raya unguwa ke yin rajista, ita ke karɓar kuɗin lasisin shago, kuma tana da ta cewa idan ka zube yashi ko tsakuwa a kan titin jama'a. Harajin gidan da tsarin mulki ya ba ta ma, a Legas an haɗe shi da kuɗin hayar ƙasa cikin haraji ɗaya da jiha ke karɓa tun 2001, a raba daga baya. Masu zuwa wurin gini suna neman kuɗin tushe da kuɗin zuba kankaren bene da kuɗin rufi, waɗanda aka fi sani da omo onile, ba hukuma ba ne ko sun zo da rasit, kuma dokar kare kadarori ta 2016 ta haramta abin da suke yi.

Ko ya dace jiha ta riƙe komai haka? Ina da ra'ayi biyu da ba su gama jituwa ba. Ruwan Lekki bai san iyakar Eti-Osa da Ibeju-Lekki ba, kuma birnin da ke da ƙa'idar tazara 57 daban-daban, kowane ciyaman da tasa, ba zai tsaru ba, balle yawancin sakatariyoyin ba su da isassun masu tsara gari da injiniyoyin da za su duba lissafin bene. Ta wannan fuska riƙon jiha daidai ne. Amma nisan hukuma da tsadar takardu suna tura talaka ya yi gini ba izini, kuma kansilan da ke wucewa ta gaban gini kullum ya fi jami'in da ke zuwa daga nesa saurin ganin an toshe lambatu. Da za a ba ƙananan hukumomi aikin sa ido da ƙananan abubuwa irin su katanga da gyaran gida, bisa ma'auni ɗaya na jiha, da an rage ɓarna. Wannan buri ne, ba doka ba, kuma majalisar jiha ce kaɗai ke iya mayar da shi doka. Masu filaye a Mowe da Ibafo da Arepo kuma su sani duk abin da na faɗa a kan hukumomin Legas bai shafe su ba, domin waɗannan wurare a Jihar Ogun suke ko da tallan ya ce Legas.

Idan kamfanin ya yarda ya sassauta maka a kan katanga ko kwano, kada ka karɓi maganar baki daga ɗan talla ko manajan fili. A rubuta a takarda mai sunan kamfanin, darakta ya sa hannu, a ambaci lambar fulotinka da sharaɗin da aka ɗage, a haɗa da kwafin zanen da suka gani suka yarda da shi, lauyanka kuma ya liƙa ta a jikin takardar mallaka, domin wata rana kamfanin zai gama sayarwa ya miƙa rukunin ga ƙungiyar mazauna, su kuma abin da ke rubuce kaɗai za su sani. Idan kuwa an riga an haƙa ramin tushen zauren a bakin ƙofa, a dakatar da magina a mayar da ƙasar tun ba a zuba kankare ba, a kai zanen da aka gyara ofishin gundumar LASPPPA da ke kula da yankin.